A Tudu Ba Ya Kiran Sunana, Sai A Ruwa Muke Hira

Duk wanda ya san rumfata a kasuwar Garwa ya san abin da nake sayarwa: zaren taru, ƙugiyoyi, dalma, igiya, da 'yan fitilun nan da masunta ke ɗaurawa a goshi. Tun 1994 nake zaune a Kamaru, shekarar da aka karya darajar sefa. Masu zuwa sayayya sukan yi mamaki idan na ɗauki taru na zura yatsu a idonsa, na gaya musu kifin da zai riƙe da wanda zai wuce. Wani masunci daga Lagdo ya taɓa tambayata, "Alhaji, wai kai ɗan kasuwa ne ko ɗan ruwa?" Na ce masa ɗan ruwa ne da ya gudu.

Mahaifina ya rasu a 2002, ina nan Garwa. Ban ga gawarsa ba, ban sallace shi ba. Na san da yawa daga cikinku, 'yan uwana fatake na Kwatano da Yamai da Njamena da Kumasi, irin wannan ta same ku. Shi ya sa na ce bari in rubuta abin da na riƙe game da shi. Da na zauna tunani kuwa, sai na ga kusan duk abin da na riƙe a cikin kwalekwale ya faru.

Ɗan fari

Mu Sarkawa ne, daga wani ƙauye a bakin ruwa a ƙasar Yauri. Lokacin da aka haife ni a 1971 muna cikin Jihar Arewa maso Yamma, daga baya muka zama 'yan Jihar Sakkwato, sai a 1991 aka yanke Kebbi. Su ne gadonmu kaka da kakanni. Ni ne ɗan fari a gidanmu, kuma kun san yadda ake kunyar ɗan fari. Baba ba ya kiran sunana. "Kai" ne, ko "yaron nan", in kuwa da baƙi a zaure sai ya yi kamar bai gan ni ba. Ƙannena yakan ɗora su a cinya, ya sayo musu alewa ranar kasuwa. Ni sai dai a ba kakata ta ba ni. Yaro bai san al'ada ba. Ni dai na ɗauka ba ya so na.

Ina da shekara takwas, wata rana kafin kiran assalatu, na ji an taɓa ƙafata. "Kai, tashi. Ɗauko ƙwaryar kwarfe ruwa." Aikina na farko ke nan a jirgi: shi yana baya da filafili, ni ina tsakiya ina kwarfe ruwan da ke tsattsafowa ta tsakanin katakai. Muka yi nisa har fitilun ƙauye suka ɓace. Can sai na ji murya a bayana tana cewa, "Ka ga tauraron can? In ka ɓata da dare, ka sa shi a kafaɗarka ta dama, za ka fita gida."

Wallahi sai da na waiwaya in ga ko da wani a jirgin. Ban taɓa jin ya yi mini magana mai tsawo haka ba. Ashe a ruwa babu surukai, babu baƙi, babu wanda za a ji kunyarsa. Daga ranar na gane muna da ɗaki biyu ni da shi. Na tudu na shiru ne, na ruwa na hira.

Garin da ke ƙarƙashin jirgi

Ruwan da muke su a kansa, Baba bai taɓa kiransa tafki ba. Kwara yake ce masa, sunan kogin da 'yan boko ke kira Neja. An fara gina madatsar Kainji a 1964, aka gama a 1968, ruwa ya ja da baya ya cika fili mai tsawon fiye da kilomita 130, har ya kai kusa da Yelwa. Mutane fiye da dubu arba'in aka tayar. Tsohuwar Busa ta nutse, aka gina sabuwa. Gungawa da ke zaune a tsibirai aka kwashe su zuwa tudu. Ƙauyenmu ma haka, aka ba su gidajen siminti masu lanƙwasasshen rufi, waɗanda kakata har ta rasu tana cewa tanda ce ba ɗaki ba.

Akwai wani wuri da in mun iso, Baba kan ɗaga filafili ya bar jirgi ya tafi da kansa. Sai ya yi sallama, ya karanta Ƙulhuwallahu, ya shafa. Na daɗe ina zaton wani surkullen masunta ne. Ranar da na tambaya, ya nuna mini kan wani busasshen itace da ya leƙo daga ruwa ya ce, "Tsamiyar ƙofar gidanmu ce. Taku arba'in gabas da ita kabarin ubana yake. Wa zai wuce ta kan ubansa bai gaishe shi ba?"

Ya san tsohon garin kamar tafin hannunsa. Yakan ce nan masallaci ne, nan maƙera, nan gonar albasar wane. Kuma sanin nan ba na tarihi kaɗai ba ne, da shi muke ci. Itatuwan da ruwa ya shanye su ne maɓoyar kifi, su ne kuma masu yaga taru da fasa jirgi. Wanda bai san inda suke ba, ko ya koma gida hannu wofi, ko ya koma da tsumma a maimakon taru.

Makarantar da ba allo

Na yi allo, na yi firamare har aji shida, amma karatun da ya fi zauna mini na jirgi ne. A nan na koyi cewa Kwara cika biyu take yi a shekara. Akwai farin ruwa, na daminarmu, mai laka, da ke zuwa wajen Agusta zuwa Oktoba. Sannan akwai baƙin ruwa, wanda ke isowa cikin sanyin hunturu, ana tsakar rani babu ko ɗigon sama. Na tambaye shi daga ina wannan yake. Ya ce daga ƙasa mai nisa, ruwan sama ne da aka yi tun watanni, yana tafe a hankali. Sai da na girma na ji cewa daga duwatsun Gini yake tasowa, ya bi ta fadamun Mali ya zubar da lakarsa a can, shi ya sa yake iso mana garau. Baba bai taɓa ganin taswira ba, amma lissafinsa bai kuskure ba.

Ya koya mini jifan birgi har ya buɗe kamar faifai kafin ya taɓa ruwa. Ya koya mini shimfiɗa taru da yamma a ɗebe da asuba, da jeren mamari, doguwar igiyar nan mai ɗaruruwan ƙugiyoyi, da inda ake dasa gura. Ya koya mini kifaye da halayensu kamar yana ba ni labarin maƙwabta. Karfasa mai gida ce, ba ta nisa da ciyawa. Tarwaɗa ba ta mutuwa da wuri, ko a kwando ka bar ta sai ta nemi hanya. Kurungu kada ka kama shi da gaggawa, ƙayarsa ta fi allura. Tsage mai haƙora ne, yana yanka zare. Minjirya kuwa bai gaya mini komai a kanta ba, ya bar ni na sa hannu. Da ta girgiza ni na faɗi zaune cikin jirgi, ya yi dariya har hawaye. Ranar na fara ganin dasorinsa.

Yakan ba ni labarin shekarun farko bayan an datse ruwa, yadda falia ta yi yawa har mata suka rasa itacen banda. Masunta suka yi ta zuwa daga ko'ina. Kafin in isa shiga jirgi abin ya ja baya. Shi ya sa yake da wata doka da ba ya karyawa. Idon tarunsa sai yatsu uku sun shiga. In ƙaramin kifi ya maƙale da ransa, ya cire ya mayar. Na taɓa cewa, "Baba, ai ko miya a yi da shi." Ya ce, "Na baɗi ne. Ba a cin iri."

Gora ɗaya ce a jirgin

Farkon daminar 1983 ne, ina da shekara goma sha biyu. Mun je ɗebe ƙugiyoyin da muka sa wa ƙananan kifaye a baki don giwan ruwa, kuma Allah ya ba mu ɗaya, wanda da aka miƙe shi a jirgi ya kusa kai tsawona. Murna ta sa muka yi jinkiri. Ko da Baba ya ɗaga kai gabas, hadari ya haɗu baƙi ƙirin, ruwa ya yi tsit, tsuntsaye sun watse. Wanda ya san tafkin nan ya san iskar farkon damina ba ta sallama.

Kafin mu yi rabin hanya ta same mu. Igiyar ruwa tana ɗaga jirgi tana makawa. Ina kwarfewa, yana cika. Baba ya fara zubar da kaya: taru, ƙugiyoyi, sannan ya tura giwan ruwan nan, kuɗin hatsin wata guda, ya koma inda ya fito. Akwai babbar gora guda ɗaya da muke tafiya da ita, irin wadda masunta ke kwanciya a kai a bikin Argungu. Ya jawo ta ya ɗaure mini a ƙirji da rawaninsa, ya ƙulle tamau. Sai ya kama kafaɗuna biyu ya kira sunana. Sunana na yanka, cikakke. Ya ce, "In jirgi ya kife kada ka neme ni. Ka riƙe gora, iska za ta kai ka gaɓa. Ka ji ko?"

Jirgi bai kife ba. Ya samu kan wani itace daga cikin na tsohon gari ya ɗaure mu a jiki, muka zauna ruwa na dukanmu har aka ɗauke. Da muka iso gida Inna tana bakin ruwa da fitila. Ya wuce ta gabanta ya ce, "Ba yaron nan tuwo." Mun dawo tudu ke nan, na koma yaron nan. Sau ɗaya tak na ji sunana a bakinsa duk tsawon rayuwarsa, kuma ya ishe ni.

Da labarin jirgin da ya nutse kusa da Warra a watan Mayun 2021 ya iso mu, aka ce mutane da yawa sun salwanta, yawancinsu 'yan kasuwa da masu neman abinci, na kwana ban runtsa ba. Ruwan nan ne dai, wanda aka ɗaura mini gora a kansa.

Yadda na bar ruwa

Farin 1984 ya taɓa kowa. A 1985 har aka ce Kwara ta tsaya da gudu a Yamai. Kifi ya yi wuya, masunta suka yi yawa, wasu suka shiga jan dala, babban tarun nan da ake ja zuwa gaɓa, wanda ke kwaso warangi haɗe da 'ya'yan kowane irin kifi. Masu dala suna sayen rediyo da keke, mu muna gyaran tsohon taru. Ni kuwa idona yana kan motocin da ke lodin banda a kasuwar Yauri zuwa Anacha. Na lura wanda ya kwana a ruwa ba shi ke samun riba ba, wanda ya kwana a kan buhu ne.

A 1990 na bi wani ubangida a matsayin yaron mota. Ban iya faɗa wa Baba a gida ba, sai da muka fita ruwa. Ya daɗe yana tuƙi bai ce komai ba. Can ya ce, "Kasuwa ma ruwa ce, tana da zurfi. In ka ci bashin mutum ka biya kafin ya tambaya. Kada ka auna wa wani da mudun da ba za ka yarda a auna maka ba." Ya sa mini albarka. Daga Anacha na koma Yola, daga Yola na gangaro Garwa. A lokacin tafkin Lagdo, wanda 'yan Sin suka gama datsewa a kan Binuwai a 1982, ya tara masunta daga ƙasashe da dama. Na ga duk suna neman kayan aiki, ni kuma na san kayan. Haka rumfata ta samu.

Tsarabar da na kai masa

A nan ne inda abin yake mini ciwo. Kayan da suka fi tafiya a rumfata su ne taruna masu ƙananan ido, na zaren roba, waɗanda kifi ba ya gani a ruwa. Da su na yi aure, da su na sayi fili.

Da Babbar Sallar 2001 na je gida, na kai masa ɗaya sabo fil a cikin ledarsa, ina ji da kaina. Ya karɓa ya yi godiya a gaban mutane. Ya zura yatsa a idon, ɗaya ne ya shiga, na biyu ya ƙi. Bai ce uffan ba. Da asuba na ji an taɓa ƙafata, ni da nake da mata da ɗa. Muka fita da tsohon tarunsa mai faci. Wannan karon ni ke tuƙi, don hannunsa ya fara rawa.

Sai da muka wuce tsamiya, ya gama addu'arsa, sannan ya ce, "Irin wancan kake sayarwa?"

Na ce, "Shi ake nema, Baba."

"A can ma suna da na baɗi, ko ruwansu ba ya ƙarewa?"

Na ce, "Baba, in ban sayar ba wani zai sayar."

Ya ce, "To, bar wani ya sayar mana."

Raina ya ɓaci. Na ce a zuciyata, tsohon nan da kuɗin tarun ake saya masa magani, yanzu shi ne abin zargi? Ban faɗa ba, amma ya gani a fuskata. Muka ɗebe taru shiru. Hukuma ma a shekarun nan ta hana jan dala a Kainji, don kowa ya ga inda aka dosa, amma ni lissafin rumfa nake yi.

Da za mu juya ya ce, "Ka ƙara kwana biyu. Jibi mu je can ƙetare, akwai inda ban taɓa nuna maka ba." Na ce kaya na jira na a Yola, in na yi jinkiri wani zai ɗauka. Na ce in sha Allahu baɗi. Ya ce, "Allah ya kai mu."

Bai kai ba. Lokacin wayar hannu ba ta iso ƙauyenmu ba. Wani direba ne ya kawo saƙo Yola, daga can aka bugo wa maƙwabcina a kasuwa. Ko da na ji, ya kwana huɗu a ƙasa. Na bi ta Yola, Jos, Kaduna, Kwantagora, na iso ana shirin sadakar bakwai. Kayan da na ƙi ƙara kwana biyu saboda su, yau ko za a yanka ni ban tuna nawa na ci a kansu ba.

Da aka zo rabon 'yan kayansa, ƙanena ya sauko da wani ƙunshi daga rufin ɗaki. Tarun nan ne, a ledarsa, ko ƙullin ba a kwance ba. Inna ta ce sau biyu ana zuwa saye, har da lokacin da babu ko ƙwayar hatsi a gidan, ya hana. Ya ce ba zai sa shi a ruwa ba, ba zai ba wani ya sa ba, kuma ba zai yar ba tunda yaron nan ne ya kawo.

Zan so in ce muku daga ranar na daina sayar da irinsa. Ƙarya ne. Sai da na ƙara shekara uku, ina cewa bari in gama biyan bashi, bari in rufa ɗaki. A 2005 na daina. Ciniki ya ragu sosai, wasu abokan hulɗa suka koma rumfar gaba, kuma har gobe ana sayar da shi a kasuwar. Ban ce na gyara Lagdo ba. Abin da na sani, in na zura yatsu uku a kayan rumfata suna shiga.

Lagdo

Ɗana na fari a Garwa aka haife shi. Fulatanci da Faransanci sun fi Hausa zama a bakinsa, ruwa kuwa sai na famfo. Ni ma ba na kiran sunansa, haka na tarar, haka na yi. Bara na lura in na shigo gida sai ya tashi ya fita. Muna gaisawa, ina biyan kuɗin makaranta, shi ke nan. Na tuna yaron da ya ɗauka ubansa ba ya son sa.

Wata Lahadi na tashe shi kafin asuba. Muka hau mota zuwa Lagdo, na karɓi aron kwalekwale wurin wani abokin cinikina. Na ba shi ƙwarya na ce ya kwarfe. Hannuna ya manta filafili, jirgi ya yi ta juyawa da mu, masunta na gaɓa suna dariya. Da muka yi nisa na rasa ta inda zan fara. Sai na ce masa ruwan nan da muke kai, in ya bi ta Garwa ya wuce Yola da Makurɗi, a Lakwaja zai haɗu da ruwan da ya wuce ta kan kabarin kakan-kakansa. Ya ce, "Baba, kabari a cikin ruwa?" Daga nan hira ta ɓalle. Na ba shi labarin tsamiya, da minjirya, da gora. Shi kuma ya gaya mini abin da ya shekara biyu yana ɓoyewa, cewa ba ya son zaman rumfa, aikin gyaran injin jirgi yake so ya koya. Karfasa huɗu muka kama, biyu ƙanana. Ban ce masa komai ba, ina kallo ya mayar da su.

'Yan uwa, mu da muke neman abinci a ƙasar wasu, kullum muna da uzuri: kaya na hanya, iyaka a rufe, canji ya tashi, bari a wuce Sallah. In mahaifinka yana raye, kuma ya ce ka ƙara kwana biyu, ka ƙara. Kaya suna jira, in ma ba su jira ba wasu za su zo. Har yau ban san wurin da Baba ya so ya nuna mini a ƙetare ba. Na tambayi ƙannena, na tambayi tsofaffin da suka yi su tare da shi, babu wanda ya sani.

Tarun yana nan rataye a rumfata, a ledarsa. Masu saye sukan tambayi kuɗinsa, in ce ba na sayarwa ba ne.

Allah ya jiƙan Baba, ya haskaka kabarinsa, ya jiƙan iyayenmu baki ɗaya. Waɗanda nasu ke raye, Allah ya ba su ikon kyautata musu tun da sauran lokaci. Amin.